Faifan Daimon a Hannun Mai Tayil

Duk wanda ya ratsa sababbin unguwannin Lafiya da hantsi, ta hanyar Shandam ne ko ta wajen Shabu ko bayan Bukan Sidi, zai ji wata ƙara mai tsini tana fitowa daga gidajen da aka rufe da kwano amma ba a tare ba. Takan tashi ta ɗan jima ta mutu, a yi shiru, ta sake tashi, farar ƙura ta biyo ta ta taga. Mai tayil ne yake yanka. Abin da ke kuka a hannunsa faifan ƙarfe ne da bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma gefensa cike yake da ƙwayoyin daimon, dutsen da babu wanda ya kai shi tauri a cikin duwatsun duniya.

Sana'ar ba ta daɗe a garin ba. Kakanninmu daɓe suka sani. Mata su taru da madaɓai, a zuba jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwan makuba, ana duka ana waƙa har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Siminti ya zo ya ture daɓe, aka riƙa shimfiɗa masa leda ko kafet. Tun da aka yanke jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiyar Barebari ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, aka buɗe Jami'ar Tarayya a 2011, aka kuma mayar da hanyar Keffi zuwa Makurɗi tagwaye. Gine-gine suka bazu ta kowace kusurwa. Yau ko ɗaki ɗaya mutum ya gina na haya, wanda ya zo dubawa kafin ya tambayi kuɗi sai ya leƙa ƙasa ya ga ko da tayil.

Kayan daga nesa suke zuwa. Akwai na gida da ake gasawa a masana'antun Ajakuta da Shagamu, akwai na China da Indiya, akwai na Sifen da Italiya ga mai hali. Masu shaguna a hanyar Jos da hanyar Makurɗi sukan yi sari, wasu masu ginin kuma su wuce kasuwar Dei-Dei ta Abuja su yi lodi da kansu. A farko aikin shimfiɗawar kusan na baƙi ne. 'Yan Togo da 'yan Kwatano suka yi suna a kansa a duk faɗin Najeriya, har ta kai maigini yana alfahari da cewa su ya ɗauko. Sunan bai zo musu a banza ba, domin sun zauna shekaru a ƙarƙashin maigida kafin a sallame su. Samarin garin nan da suka yi musu yaranta, Hausawa da Eggon da Alago da Gwandara da Tibi, yanzu su ma sun zama iyayen gida, suna da nasu yaran.

Yaro ba ya fara aiki da inji. Watanninsa na farko a kwaɓa siminti da yashi suke ƙarewa, da sauke kwalaye daga mota, da jiƙa tayil a baho domin kada ya zuƙe ruwan simintin da za a ɗora shi a kai. Daga nan a ba shi cika layi da farin siminti da goge ƙasa. Sai hannunsa ya faɗa ake barinsa ya ja igiya, ya ɗora ma'aunin ruwa, ya riƙe gudumar roba yana ƙwanƙwasa tayil yana saurare, domin inda aka bar rami a ƙarƙashi sautinsa daban yake, kuma nan ne zai fara tsagewa ranar da aka ɗora ƙafar gado. Inji shi ne na ƙarshe. Dalili kuwa a fili yake: tsakiyar ɗaki kowa zai iya jerawa, amma gwaninta a gefe take. Bakin ƙofa, kusurwar da birkila ya bari a karkace, inda bututun banɗaki ya fito, matakalar bene, siririn layin da ke bin gindin bango, duk sai an yanka. Tayil guda mai santimita 60 a kowane gefe idan ya fashe a hannun yaro, wani lokacin ba a samun irinsa a kasuwa, don an daina kawo launin.

Yankan miƙe kan tayil mai sauƙi ba ya buƙatar wuta. Akwai teburin karyawa mai ɗan ƙaramin gare na ƙarfe mai tauri, a ja shi sau ɗaya ya tsaga saman, a danna ya rabu biyu. Amma yankan kwana, da huda rami, da tayil mai taurin nan da ake kira fosilin, wanda aka gasa a zafin da ya kai digiri 1,200 har ba ya shan ruwa, da dutsen giranayit na matakala da teburin kicin, waɗannan sai faifan daimon.

Mutane da yawa sun ɗauka faifan kaifi gare shi. Idan inji na kashe ka shafa gefensa da yatsa, ba zai yanke ka ba, kaushi kawai za ka ji. Aikinsa ba yanka ba ne irin na wuƙa, niƙa ne. A masana'anta ana gauraya ƙwayoyin daimon, kowace ba ta kai ƙwayar gero ba, da garin ƙarafa irin su tagulla da baƙin ƙarfe da kobal, a matse su da zafi har su dunƙule, a manna a gefen faifan. Wanda ya san kantun riɗi ya gane fasalin: riɗin shi ne daimon, sukarin da ya riƙe shi kuma shi ne ƙarfen. Idan faifai na juyawa, ƙwayoyin da suka ɗan leƙo waje su ke karce dutse suna mayar da shi gari.

Abin da ya sa na ga sana'ar ta cancanci a zauna a yi rubutu a kanta yana nan. Daimon duk taurinsa yana dakushewa. Ƙwayar da ta yi ta gogayya da dutse bakinta yakan lafe, ko ta tsattsage. Idan ta zauna a wurin a dakushe, faifai ya daina ci. Don haka dole ƙarfen da ya riƙe ta ya riƙa zaizayewa a hankali, garin dutsen da ake yankawa yana cinye shi, har tsohuwar ƙwaya ta faɗi sabuwa ta ƙarƙashinta ta fito. Faifan da ba ya cinyewa ba ya yanka. Wanda ke cinyewa da sauri fiye da kima kuma yana zubar da daimon tun bai gama aikinsa ba, kuɗi ne ke bin ƙura. Injiniyan da ya haɗa faifan yana neman daidaito tsakanin waɗannan biyu, amma ba shi ne zai riƙe injin ba. Hannun mai tayil ne ke ƙarasa lissafin, da irin dannawar da ya yi, da abin da ya zaɓa ya yanka, da ko ya sa ruwa ko bai sa ba.

Daga nan ne wata ƙa'ida ta fito wadda sabon shiga ke jin ta a juye. Abu mai tauri, faifai mai ƙarfe mai laushi yake so. Abu mai laushi da yashi-yashi kuma, faifai mai ƙarfe mai tauri. Fosilin da giranayit suna saurin dakushe daimon, amma garinsu lallausa ne, ba ya cin ƙarfe sosai, sai a ba su ƙarfen da zai saki ƙwaya da wuri. Bulon siminti ba ya wahalar da daimon, amma yashinsa yana wanke ƙarfe, sai a ba shi mai riƙo. Shi ya sa faifai iri-iri ne a shago. Mai gefe a haɗe ba tsaga na tayil ne, yana barin baki sumul amma yana son ruwa. Mai tsaga-tsaga na bulo da kankare ne, tsagar tana fitar da ƙura tana shigar da iska, amma idan aka ɗora shi kan tayil sai ya ɓantare masa baki. Akwai na tsakani mai zane-zane a gefe, shi ne mafi yawan masu aikin hannu suke saya don ya yi musu nan ya yi musu can.

Ka tsaya kusa da wanda ya ƙware ka ga yadda yake gane halin faifansa. Ya ja layi da fensir, ya ɗora tayil kan katako, ya taka gefe da ƙafa. Ba ya nutsa faifan gaba ɗaya. Yakan fara bin layin sama-sama ya tsaga ƙyallin, sannan ya dawo ya zurfafa. Kunnensa na kan ƙarar. Muddin faifai na ci, ƙarar a cike take, ƙura na fita da yawa. Da zarar ta koma siririya, ƙura ta ragu, tartsatsi ya fara bayyana a bakin yankan, ya san ƙwayoyin sun lafe, ƙarfe ne ke shafar dutse. A nan ne yaro ke yin kuskuren da kowane yaro ke yi, ya ƙara danna inji da ƙarfinsa. Sai ka ji maigidan daga can ɗaki ya ɗaga murya: “Kai, kada ka danna! Bar shi ya ci da kansa.” Yaro ya ce, “Oga, ai faifan ya mutu.” Maigidan ya karɓa, ya nemi ɓallen bulo ko jan tubali a tsakar gida, ya tsaga shi sau uku ko huɗu, ya miƙa masa. Faifai ya dawo yana ci. Yashin bulon ne ya kankare ƙarfen da ya lulluɓe ƙwayoyin, sababbi suka fito. Wannan dabarar ita ce dai masu ƙera faifan suke rubutawa a takardunsu, amma a Lafiya daga hannu zuwa hannu ta yaɗu.

Babban maƙiyin faifai zafi ne. Ƙaramin injin hannu mai faifan milimita 115 yana juyawa kusan sau 11,000 a minti guda, wato gefen faifan yana gudun da ya haura kilomita 200 a sa'a. Duk gogayyar da ba ta zama yanka ba zafi take zama. Daimon ya fi jan ƙarfe saurin kwashe zafi har kusan ninki biyar, wannan na taimaka masa, amma yana da iyaka. Asalinsa sinadarin kabon ne, ɗan'uwan gawayi da bakin fensir, kuma idan zafi ya haura digiri 700 a cikin iska sai ya fara ƙonewa, samansa ya lalace. Kafin a kai nan ma ƙarfen da ya riƙe shi ya yi laushi ya shafe kansa. Jikin faifan yakan nuna alama: ya yi shuɗi-shuɗi, ya fara rawa, yanka ya karkace. A faifai marar kyau haƙori guda na iya ɓallewa ya tashi, kuma da wannan gudun duk inda ya samu a jikin mutum sai asibiti. Ina ganin masu cire murfin kariya na inji don su ji daɗin ganin layi, kuma raina ba ya so, domin idon da aka rasa ba a sayo shi a shagon kayan gini.

Maganin zafi ruwa ne da haƙuri. Masu hali suna da injin tebur mai kwano a ƙasa, faifai na juyawa yana ɗibar ruwa. Marasa shi sukan huda murfin gorar roba, yaro ya tsuguna yana ɗiga ruwa kan layi, ko a matse soso a gefen yankan. Wannan na buƙatar kula sosai, tunda injin hannu na lantarki ne, kuma wayoyin da ake ja daga janareta a wuraren gini sau da yawa a fere suke, an ɗaure da leda. Wanda zai yi yankan busasshe kuwa, sai ya riƙa ɗaga faifai bayan 'yan daƙiƙoƙi ya bar shi ya juya a iska ya huce.

Akwai abin da faifan mai tayil ba ya jurewa ko kaɗan, shi ne rodi. Mai gini yakan zo ya ce, “Malam, ɗan ara mini injinka in datse wannan ƙarfen,” yana ganin abin da ya yanka giranayit ai ƙarfe wasa ne a wurinsa. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daimon ne na 10, ƙwayar yashi na 7, wuƙar ƙarfe ba ta kai 6 ba, don haka a lissafin tauri mai ginin yana da gaskiya. Amma ba tauri ne kaɗai ke aiki ba. Baƙin ƙarfe idan ya yi zafi yana shan kabon, da haka ma ake mayar da shi ƙarfe mai ƙwari. To daimon kabon ne tsantsa, sai ƙarfen ya riƙa lasar sa yana narkar da shi cikin jikinsa, ga kuma laushin ƙarfen da ke liƙe wa ƙwayoyin. Shi ya sa mai walda yake da nasa baƙin faifan na daban, mai araha, wanda ke cinyewa yana ƙanƙancewa a idonka.

Mai karatu zai ce, yaya aka yi dutsen da ake sa wa a zoben matan sarakuna ya faɗo hannun yaron da ke aikin yini? Amsar ita ce wannan ba haƙo shi aka yi ba, dafa shi aka yi. Kamfanin ASEA na Suwidin ya fara samun nasara a 1953 amma ya ɓoye. A watan Disamba 1954 wani masani mai suna Tracy Hall na kamfanin General Electric a Amurka ya matse kabon da ƙarfin da ya ninka nauyin iskar duniya sau dubbai masu yawa, cikin zafin da ya haura digiri 1,400, ya fito da ƙananan ƙwayoyi, aka sanar wa duniya a 1955. China ta yi nata a 1963, kuma yau mafi yawan daimon ɗin masana'antu na duniya daga can yake fitowa, musamman lardin Henan. Yawan da suke yi ne ya karya farashin har faifai ya zama abin da ake ratayewa a ƙusa a shagon kayan gini.

Bayan ƙwayoyi, masana sun koma neman yadda za a shafa daimon a jikin abu ya zama fata. A farkon shekarun 1980 masu bincike a Japan suka nuna yadda ake haɗa iskar methane da haidurojin a cikin tukunya mai zafi, kabon ya riƙa sauka kan ƙarfe yana tsirowa a matsayin daimon. Tun kafin nan, a 1971, Aisenberg da Chabot a Amurka sun fitar da wata fata ta kabon wadda ba daimon ba ce cikakkiya, ba kuma bakin fensir ba ce, tana tsakani: ta ɗauko tauri daga daimon, ta ɗauko santsi daga bakin fensir. Ita ake kira DLC. Kaurinta bai wuce maikiron biyu ko uku ba, alhali gashin kai guda yana kai wa saba'in. Ƙarfe busasshe a kan ƙarfe yana turjiya da fiye da rabin nauyin da aka ɗora masa. Idan aka shafa wannan fata turjiyar takan sauko zuwa kashi ɗaya cikin goma ko ƙasa da haka. Wani ɓangare na sirrin shi ne fatar tana ɗan sakin kanta, ta shafa wa abokin gogayyarta siririn baƙi mai santsi, sai su riƙa zamewa a kan juna. Ita ma ashe sai ta ɗan ci kanta take aiki. Har yanayin iska yana taɓa ta: irin da ba ta da haidurojin ta fi santsi idan akwai laima, mai haidurojin kuma ta fi son busasshiyar iska.

Wannan fata tana cikin Lafiya ko da ba a san da ita ba. Tana bakin wasu rezojin aski tun da Gillette ya fito da Mach3 a 1998. Tana cikin allurar feshin mai ta motocin dizal na zamani, inda ake tura mai da matsin da ya kai bar 2,000, kuma idan gurɓataccen mai mai ruwa ko ƙasa ya cinye ta, makanike ba shi da abin da zai wasa, sai sauyi. Masana biyu, Kenneth Holmberg da Ali Erdemir, sun ƙiyasta a 2017 cewa kusan kashi 23 cikin 100 na makamashin da duniya ke ƙonawa yana tafiya ne wajen yaƙi da gogayya da sake ƙera abin da ya cinye. Ƙasar da janareta da injin niƙa da babur suka riƙe ta, wannan lissafin nata ne.

Amma fatar ba ta yi wa mai tayil aiki a bakin faifai. Siririya ce ƙwarai, kuma zafin digiri 300 zuwa 400 ya isa ya fara sauya mata hali. Abin da ya fi kusa da ita a jakarsa shi ne ɗan bututun huda rami da wasu faifai masu araha, waɗanda layi ɗaya tak na daimon aka liƙa musu da ruwan nikel. Ranar farko suna ci kamar me, domin duk ƙwayoyin a waje suke. Da layin ya ƙare shi ke nan, babu na ƙasa da zai fito, ko an tsaga bulo ɗari. Wanda ya san aiki yakan juya faifai ya dubi kaurin haƙorin tun a shago, ba ya bin launin zinariya da aka fesa wa jiki ko rubutun kwali. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ma aiki.

Ƙasar jihar kanta ta raba wa masu yanka aiki. Lafiya tana zaune kan duwatsun yashi da laka na kwarin Binuwai, shi ya sa masu haƙar rijiyar burtsatse a nan suke samun sauƙin nutsawa. Ka hau arewa ka wuce Nasarawa Eggon zuwa Akwanga, ƙasa ta koma dutse mai tauri, sai injin da ke duka da iska. Akwai mabul a yankin Toto, wanda lambarsa 3 ce kawai a ma'aunin Mohs, faifai yana ratsa shi ba wahala. Akwai barayit a Azara, wanda ake zubawa a ruwan haƙar mai don ya yi nauyi. A watan Maris 2023 kamfanin NNPC ya fara haƙar rijiyar gwaji ta Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi, maƙwabciyar Lafiya, kuma haƙar mai ta zamani mafi yawanta da baki mai haƙoran daimon na masana'anta ake yin ta. Jihar da ke kiran kanta gidan ma'adinai, ina ganin ya kamata makarantun koyon sana'arta su koyar da ilmin faifai da bakin haƙa a aji, kada a bar shi ga sa'ar wanda ya faɗa hannun maigida nagari.

Shi kansa tayil ɗin gogayya ce ke ƙarar da shi. Ƙurar hunturu da yashin da takalmi ke shigowa da shi sun fi ƙyallin tayil mai araha tauri, shi ya sa bakin ƙofar shago ko na masallaci yake fara dushewa tun sauran wurin na sheƙi. Mai tayil na ƙwarai yakan faɗa wa maigida gaskiya: “Alhaji, wannan na bango ne, idan aka sa shi a ƙasa ba zai shekara biyu da kyansa ba.” Haka zai hana shi sa mai santsi a banɗaki, inda tsoho ko mai ciki za su taka da jiƙaƙƙiyar ƙafa. A can gogayyar ake nema, ba gudunta ake yi ba.

Abin da ya fi damuna a sana'ar ita ce farar ƙurar nan. Ba ƙurar hanya ba ce. Garin silika ne da faifai ya niƙa, mafi haɗarinsa ido ba ya gani, yana wuce hanci da maƙogwaro ya zauna can cikin huhu, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Shekaru na tafiya huhu na yin tabo yana taurara, numfashi ya riƙa gajarta. Cutar ba ta da magani, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ƙasar Ostareliya ta ga yadda ta kama samari masu yankan dutsen kicin na masana'anta, har ta haramta irin wannan dutse daga 1 ga Yuli 2024. A nan kuwa sai ka ga saurayi ya fito daga banɗakin da ba taga, gira da gashin ido fari fat, ya ɗaure hanci da tsohuwar riga, wai idan an tashi zai sha madara ta wanke masa ƙirji. Madara ciki take zuwa, ba ta bi ta huhu. Riga ba ta tare wannan ƙura, takunkumin asibiti na yadi ma ba ya tarewa. Sai wanda aka yi don ƙura, mai kama fuska ba tare da barin kafa ba. Ruwan da ke tsawaita ran faifai shi ne kuma ke kwantar da ƙurar tun ba ta tashi ba.

To me ya hana a yi da ruwa kullum? Kuɗi da lokaci. Ana biyan mai tayil ne bisa murabba'in mita, ba bisa yini ba, kuma faifai daga aljihunsa yake fita, wani lokacin har man janareta. Yankan ruwa ya fi jinkiri, yana ɓata wuri da laka, injin tebur kuma yana da tsada. Maigini zai kashe miliyoyi a kan tayil ɗan Sifen, sannan ya zauna ya yi ta ciniki da wanda zai shimfiɗa har sai ya rage masa abin da zai sayi faifai mai kyau da takunkumi. Daga baya shi ne zai tsaya a bakin ƙofa yana nuna ɓantararren gefe yana cewa 'yan gida ba su iya aiki ba. Wanda ke son aikin da zai kalla shekara ashirin, ya sa kuɗin faifai da na takunkumi cikin lissafin kaya tun farko, ya tanadi durom na ruwa, ya ware wuri a waje inda iska ke kaɗawa a yi yankan a can, ba cikin ɗakin da aka rufe ba.

Faifan da ya gaji da fosilin ba a jefar da shi. Maigida yakan sauke shi zuwa tayil mai sauƙi na bango. Idan ya fara ɓantare baki a can, sai ya koma hannun mai aikin famfo ko mai wayarin, su riƙa tsaga bangon bulo da shi suna binne bututu, inda yashi ke buɗe masa sauran ƙwayoyin da suka rage. Sai haƙorin ya shafe ya kai ga jikin ƙarfen, sannan ake tara su a buhun siminti tare da guntayen rodi da ƙusoshi, a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo.